Duban share fage kafin a shiga karatun maƙala

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, kuma a wannan zangon an tara mana maƙalu masu tsawo. Nakan zauna in karanta tun daga kalmar farko har ta ƙarshe, amma da na rufe sai in ji kamar ban karanta komai ba. Wata malamarmu ta ce mu riƙa dudduba maƙala kafin mu fara karanta ta. Ni kuwa gani nake aiki biyu ne, ga lokaci ba ya isa. Mene ne amfanin hakan, kuma yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Malamarku gaskiya ta faɗa muku, kuma na ji daɗi da kika nemi dalili kafin ki ɗauka, domin dabarar karatun da mutum bai san dalilinta ba, kwana uku ya isa ya watsar da ita. Na daɗe ina koyar da dabarun karatu, kuma ba ni da ƙorafin da na fi ji daga bakin ɗalibai kamar wannan naki. Kada ki ɗauka raunin ƙwaƙwalwa ne. Yawancin masu wannan kuka hazaƙai ne, masu haƙurin zama da takarda. Matsalar tana wurin yadda suke shiga rubutun.

Ki lura da abin da ke faruwa idan kika faɗa cikin maƙala kai tsaye. Jimlar farko ta zo, ba ki san ko ita ce ginshiƙin zancen ba ko shimfiɗa ce kawai, sai ki riƙe ta. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Kowace jimla kina ba ta nauyi ɗaya da 'yar'uwarta, alhali marubucin bai ba su nauyi ɗaya ba. A maƙala mai shafi goma sha biyar, da wuya jimlolin da ke ɗauke da ainihin hujjar su wuce ashirin. Sauran misalai ne, da bayanin misalai, da gadojin da ke haɗa wannan batu da wancan. Ita kuwa ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wurin da take ajiye abin da take aiki da shi a nan take ƙarami ne ƙwarai. George Miller ya ƙiyasta shi da abubuwa bakwai, ko sama da haka kaɗan ko ƙasa, a 1956, daga baya Nelson Cowan ya ce a 2001 adadin ya fi kusa da huɗu. Ko wanne aka ɗauka, ɗan mazubi ne. Kafin ki kai shafi na uku ya cika, sabon da ya shigo ya ture na da. Shi ya sa kike kai ƙarshe a gajiye, hannu kuma babu komai.

Akwai wani gwaji da ba na gajiya da ba ɗalibai labarinsa. A 1972 wasu masana halayyar tunani biyu a Amurka, John Bransford da Marcia Johnson, suka shirya wani ɗan sakin layi. Kalmominsa masu sauƙi ne, babu wadda yaro ba zai gane ba. Yana bayanin wani aiki ne: a fara rarraba abubuwa gida-gida, kada a ɗibi da yawa a lokaci guda, kuskure yana iya jawo asara, in an gama a sake jera su a mai da kowanne wurinsa, nan gaba kuma za a sake maimaita aikin. Amma ko sau ɗaya ba a ambaci wane aiki ba ne. Suka karanta wa rukuni na farko haka nan, ba su gaya musu komai ba. Rukuni na biyu aka gaya musu tun kafin a fara cewa zancen wankin tufafi ne. Na uku sai da aka gama karantawa sannan aka gaya musu. Da aka zo tambayar abin da kowa ya tuna, waɗanda aka gaya wa tun farko sun tuna kusan ninki biyu na abin da na farko suka tuna, kuma sun ce rubutun ya fi musu sauƙin ganewa. Waɗanda aka gaya wa a ƙarshe kuwa ba su fi waɗanda ba a gaya wa komai ba.

Wannan rukuni na uku su ne suka fi ba ni abin tunani. Sun ji rubutun, sun kuma san batun, duk abin da rukuni na biyu suka samu su ma sun samu. Bambancin kawai lokacin da sanin ya zo. Da ya zo a makare, jimlolin sun riga sun wuce ba su sami inda za su rataya ba. To halin da kike ciki ke nan idan sai a shafin ƙarshe kike gano inda marubuci ya dosa. Kin gane, amma shafuka goma sha huɗu sun riga sun zube.

Tun kafin wannan gwaji, Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij a Ingila ya nuna a 1932 cewa mutum ba ya ajiye abin da ya karanta kamar yadda na'ura ke ɗaukar murya. Yana ɗora shi ne a kan tsarin sanin da yake da shi, har yakan sauya labarin ya dace da abin da ya saba. David Ausubel ma a shekarun 1960 ya tsaya a kan cewa babu abin da ya fi tasiri ga koyo kamar abin da mai koyo ya riga ya sani, ya kuma ba da shawarar a riƙa ba ɗalibi ɗan taƙaitaccen tsari kafin darasi. Hausawa sun gama magana a nan da suka ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka gwada wannan da yara 64 'yan ƙaramar sakandare. Suka ba su labarin wani ɓangare na wasan besbol, wato wasan ƙwallo da sanda da ake yi a Amurka. Yaran da karatu ke yi wa wuya amma sun san wasan sun fi ƙwararrun masu karatun da ba su san wasan ba fahimta da tunawa. Duban share fage ba zai zuba miki ilimin da ba ki da shi ba, wannan kam gaskiya ne. Abin da yake yi shi ne ya tayar da wanda kike da shi yana kwance, ya kuma nuna miki gurbin da babu komai tun kafin ki faɗa ciki. Kalmar muɗala'a da muka ara daga Larabci, ta duba darasi kafin a zauna gaban malami, kusan wannan ma'anar take ɗauke da ita.

To yaya ake yi? Tsarin da ya fi shahara shi ne wanda Francis Robinson na Jami'ar Jihar Ohio ya fitar a 1946, wanda ake kira SQ3R. Matakai biyar ne: dubawa, yin tambaya, karantawa, maimaitawa da ka, sai bita. Biyun farko su ne abin da kike tambaya a kai, kuma ki lura ya sa su gaba da karatun kansa. Zan faɗa miki yadda nake yi da kaina, ba sai kin haddace wani tsari ba.

Nakan fara da take, kuma nakan daɗe a kansa fiye da yadda mutane ke zato. Yawancin masu karatu tsallake take suke yi kamar allon bakin hanya. Take kuwa alkawari ne marubuci ya ɗauka. Ki ɗauka kin sami maƙala mai taken "Tasirin ƙarancin barci ga riƙon karatu a tsakanin matasa". Kafin ki motsa, kin riga kin san abubuwa huɗu. Akwai sanadi, wato ƙarancin barci. Akwai abin da ake zaton ya shafa, wato riƙon karatu. Akwai waɗanda ake magana a kansu, matasa, ke nan ba yara ba, ba tsofaffi ba. Sannan kalmar "tasiri" tana gaya miki marubucin zai yi iƙirarin cewa ɗaya ne ke jawo ɗaya, wanda iƙirari ne mai nauyi, sai da hujja mai ƙarfi. Nan take tambayoyi za su taso da kansu. Barcin awa nawa ne ya zama kaɗan a wurinsa? Da me ya auna riƙon karatu? Ya tabbata barcin ne, ko wani abu ne daban yake hana su barcin kuma yake hana su riƙewa? Ba ki karanta ko layi ɗaya ba, amma kin zama mai neman wani abu.

Daga nan sai in dubi wanda ya rubuta, da inda aka buga, da shekara. Wannan na daƙiƙa kaɗan ne, sai dai shekara tana da muhimmanci a fannonin da ke saurin canzawa, kamar likitanci da fasahar kwamfuta.

Idan maƙalar bincike ce, akwai tsakure a sama, wato ɗan taƙaitaccen bayanin abin da maƙalar ta ƙunsa. Ki karanta shi duka, a hankali, ko da sau biyu ne. Sannan ki bi ƙananan kanun daga farko zuwa ƙarshe ba tare da kin karanta abin da ke ƙarƙashinsu ba. A nan ne kike ganin ƙashin bayan rubutun. Yawancin maƙalun binciken kimiyya tsari ɗaya suke bi: gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, tattaunawa. In kin san haka, kin san inda za ki je neman kowace amsa. Maƙalun fannin adabi da tarihi da falsafa ba su cika bin wannan tsari ba, kanunsu ne ke nuna matakan hujja, don haka ki karanta su a jere kamar jimla ɗaya mai tsawo, ki ga ko za ki iya jin inda zancen ya juya. Ki lura kuma da tsawon kowane sashe. Inda marubuci ya ɓata shafi biyar, nan zuciyarsa take. Inda ya wuce da sakin layi ɗaya, ko dai abin sananne ne, ko kuma nan ne hujjarsa ba ta da ƙarfi, kuma yana da kyau ki sa ido ki gane wanne ne.

Jadawali da zane da hoto, kada ki tsallake su. Ɗalibai da yawa suna ganin jadawali sai su kau da kai, su ce sai sun zo wurin. Marubucin bincike kuwa sau da yawa jadawalinsa ya fara haɗawa kafin ya rubuta kalma ɗaya, rubutun bayani ne a kansu. Ba a ce ki fahimci kowace lamba yanzu ba. Ki karanta rubutun da ke ƙarƙashin zanen, ki ga me aka jera a tsaye, me aka jera a kwance, layin sama ya yi ko ƙasa.

Sai abin da ɗalibai suka fi jin nauyinsa, wato karanta kammalawa tun kafin a karanta tsakiya. Wasu gani suke kamar satar amsa ce. Wannan tunani daga karatun labari ya samo asali, inda daɗin abin yake cikin rashin sanin ƙarshe. Maƙala ba haka take ba. Marubucinta ba ya ɓoye miki komai, so yake ki yarda da matsayarsa, ke kuma aikinki ki auna ko hujjojinsa sun kai shi inda ya ce sun kai shi. Ta yaya za ki auna hanya in ba ki san inda aka nufa ba? Idan kin san matsayar tun farko, kowane sakin layi da kika karanta za ki iya tambayarsa, kai me ka ƙara a kan wannan matsaya? A nan karatu yake zama nazari.

Akwai rubutun da ba shi da kanu ko ɗaya, shafuka ne kawai a cunkushe. A irin wannan sai ki karanta sakin layi na farko duka, da na ƙarshe duka, sannan jimlar farko ta kowane sakin layi a tsakani. Ba kullum jimlar farko ke ɗauke da batun ba, wasu marubutan sai a ƙarshen sakin layi suke sauke shi, amma kafin ki wuce uku ko huɗu za ki gane ɗabi'ar wanda kike karantawa. Ki buɗe ido kuma ga kalmomin da ke juya zance, irin su "amma", "sai dai", "duk da haka", "saboda haka". Duk inda kika ga "sai dai" a farkon sakin layi, akwai yiwuwar marubucin ya gama kawo ra'ayin wasu ne, yanzu zai faɗi nasa. Na sha ganin ɗalibi ya jingina wa marubuci ra'ayin da marubucin ya kawo don ya rushe shi, saboda kawai bai lura da wannan juyi ba.

Labarin jarida shi kam an riga an yi miki aikin. Ana zuba mafi muhimmanci a sakin layi na farko, sauran su biyo baya gwargwadon raguwar muhimmancinsu, don haka kanu da layukan farko sun isa share fage. Ƙagaggen labari da waƙa kuwa ba na ba da shawarar a leƙa ƙarshensu. Ya isa ki san marubucin, da zamaninsa, da nau'in rubutun.

Yanzu ga matakin da in aka bar shi duk abin da ya gabata ya zama kallo kawai. Ki ɗauke ido daga takardar. Ki faɗa da bakinki, ko ki rubuta, cikin jimla biyu, abin da kike zaton maƙalar za ta ce da yadda za ta kafa hujja. Sannan ki rubuta tambaya biyu ko uku da kike son ta amsa miki. In kin kasa haɗa jimla biyun, ki koma ki sake duba kanu da kammalawa. Donna Ogle ta fitar da wani tsari mai sauƙi a 1986 da malaman makaranta ke amfani da shi har yau: a raba takarda gida uku, abin da na sani, abin da nake son sani, abin da na koya. Biyun farko kafin karatu ake cika su, na ukun bayan an gama. An yi shi ne domin yara, amma na ga ya yi wa masu digiri na biyu aiki.

Dalilin da ya sa na matsa a kan tambaya shi ne, abin da mutum ya shiga nema shi yake gani. James Pichert da Richard Anderson sun ba mutane wani labari a 1977, na yara biyu da suka ƙi zuwa makaranta suka wuni a gidan su ɗaya daga cikinsu. Aka ce wa wasu su karanta a matsayin mai son sayen gidan, wasu kuma a matsayin ɓarawo. Masu sayen gida suka fi riƙe zancen rufin da ke yoyo, ɓarayi suka fi riƙe kayan tsada da ƙofar da ba a kullewa. Labari ɗaya, kalmomi ɗaya. Wannan ya nuna ƙarfin manufa, ya kuma nuna haɗarinta, domin abin da bai shiga tambayarki ba yana iya wuce ki. Saboda haka ki sa tambayoyinki su zama masu faɗi. "Me ya sa ya ce haka, kuma da wace hujja?" ta fi "A wace shekara aka yi kaza?" amfani nesa ba kusa ba.

Kada kuma ki ji tsoron hasashenki ya zama kuskure. Lindsey Richland da Nate Kornell da Liche Kao sun nuna a 2009 cewa ɗaliban da aka sa su gwada amsa tambayoyi kafin su karanta, ko da sun faɗi, sun fi riƙe amsoshin bayan karatu a kan waɗanda aka ba ƙarin lokacin karatu kawai. Ni ma abin da na lura da shi ke nan a aji. Wurin da ɗalibi ya ce "ashe ba haka ba ne", wurin ne ba ya mantawa. Sharaɗin kawai ki riƙe hasashen da sako-sako. In rubutun ya saɓa masa, rubutun za ki bi, ki gyara hasashen.

Mu dawo kan lokaci, tunda shi ne ainihin damuwarki. Marc Brysbaert ya tattara bincike masu yawa a 2019, ya samu cewa baligi mai karanta Ingilishi a zuci, a rubutun da ba ƙagagge ba, yana karanta kimanin kalma 238 a minti ɗaya. In muka ɗauki wannan ma'auni, maƙala mai kalma 6,000 za ta ci minti 25, kuma in harshen ba naki na gado ba ne, ko fannin sabo ne a wurinki, za ta fi haka sosai. Idan kika karanta ba ki riƙe ba, dole ki sake, minti 50 ke nan ko sama. Share fage na minti biyar da karatu ɗaya mai kyau minti 30 ne. Aiki biyun da kike gudu, ai shi kike yi yanzu. Sauri ya haifi nawa. Wani malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Waterloo ta Kanada, S. Keshav, ya rubuta wa ɗalibansa shawara a 2007 cewa su riƙa bin maƙalar bincike sau uku, kuma bi na farko, wanda shi ne wannan da muke magana, minti biyar zuwa goma ya ware masa. A ƙarshensa ne mutum zai yanke ko ya ci gaba ko ya ajiye.

Wannan yanke shawara ita ce ribar da ba a cika ambata ba. In an ba ki maƙala goma, ba dukansu ne suka cancanci nazari iri ɗaya ba. Awa ɗaya ta share fage a kan goman za ta nuna miki uku da su ne tushe, da huɗu da sashe ɗaya kawai kike buƙata a cikinsu, da sauran da suke maimaita abin da na farkon suka faɗa. Za ta kuma nuna miki wadda ya kamata ki fara da ita. Sau da yawa wadda ta fi sauƙi ko ta fi faɗi ita ce ta farko, domin ita za ta zama ruwan cikin da za ki ja sauran da shi.

Game da baƙin kalmomi, musamman in da harshe na biyu kike karatu, kada ki buɗe ƙamus a kan kowace kalma a wannan mataki. Ki nemi waɗanda suka fito a take, ko a kanu, ko suka yi ta maimaituwa a tsakure da kammalawa. Ba su cika wuce biyar ko shida ba. Su ne za ki nemi ma'anarsu kafin ki fara, domin in ɗaya daga cikinsu ta shige miki duhu, maƙalar duka ta shige. Ki duba kuma ko marubucin ya ba kalmar wata ma'ana tasa ta musamman, yawanci a gabatarwa yake yin haka. Sauran kalmomin ki bar su sai kin iske su a muhallinsu, da yawa jimlar da suke ciki za ta fassara miki su.

Dole in ja kunnenki a kan abu ɗaya, domin na ga ya cuci ɗalibai masu ƙoƙari. Idan mutum ya ƙware a share fage, yakan fara jin kamar ya san maƙalar. Ya san take, ya san matsaya, yana iya faɗin kanun a jere, har ya yi magana a kanta a aji ba a gane ba. Sai ya daina karantawa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsakure abin da marubuci yake so a ɗauka ne daga aikinsa, kuma ba kullum sakamakon da ke ciki yake kai ƙarfin abin da tsakuren ya faɗa ba. Iyakokin binciken, da sharuɗɗan da aka gindaya, da wuraren da marubucin ya ce "wataƙila", duk a tsakiya suke. Keith Rayner da abokan aikinsa sun yi bitar binciken da aka yi kan karatun sauri a 2016, suka kammala cewa ba a ninka saurin karatu ba tare da fahimta ta ragu ba, ko da yake sun yarda bi sama-sama yana da amfani ga mai neman gundarin batu. Don haka duk maƙalar da za ki kafa hujja da ita, ko za a tambaye ki a kanta, sai kin zauna kin karanta ta.

Kuma ki bambance wannan da irin zazzaga idon da muke yi a waya. Jakob Nielsen ya bi motsin idon masu karatu a shafukan intanet a 2006, ya ga yawanci sukan karanta layukan sama, su ɗan gangaro su karanta rabin wani layi, sannan su zarce ƙasa ta gefen hagu, abin ya ba da siffar harafin F. Wannan ido ne ke yawo babu mai jan ragamarsa, duk abin da ya faɗo a gefen dama ko a ƙasa ya tsira. Mai share fage ya san wuraren da zai dira da dalilin dirarsa. In a allo kike karatu, ki fara gangarawa har ƙasa ki ga tsawon abin, domin allo yana ɓoye girman rubutu, ba kamar takarda da hannu ke jin kaurinta ba. In kuma shafin ba ki san masu shi ba, akwai wani mataki kafin duk waɗannan. Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford sun gwada masana tarihi da ɗalibai da ƙwararrun masu tantance labarai a 2017. Masu tantancewar ne suka fi saurin gano shafin da ba abin dogaro ba ne, kuma dabararsu ita ce ba sa daɗewa a cikinsa. Sukan fita su buɗe wasu shafuka su ga me ake faɗa game da masu shi, sannan su dawo. Minti ɗaya ne, yana iya hana ki ɓata awa a kan abin da bai cancanta ba.

Wani ɗan abu kuma, kada ki ja layi ko ki shafa launi a lokacin share fage. Ba ki san mai muhimmanci ba tukuna, za ki cika shafi da launi ne kawai. John Dunlosky da abokan aikinsa ma, a bitar dabarun karatu da suka yi a 2013, sun sa jan layi da maimaita karatu cikin masu ƙarancin amfani, suka sa gwada kai da tambayoyi cikin mafiya amfani. Takardar tambayoyinki ta fi alƙalamin launi.

Ga abin da nake so ki gwada da maƙalar da ke gabanki yanzu. Ki sa agogo minti shida. Ki bi take, tsakure, kanu, jadawali, kammalawa. Da agogo ya buga ki kife takardar, ki rubuta jimla biyu na hasashe da tambaya uku a wata takarda daban, ki ajiye ta a gefen hannunki. Sai ki karanta maƙalar daga farko, a natse, duk inda kika iske amsar ɗaya daga cikin tambayoyin ki rubuta lambar shafin a gabanta, duk inda hasashenki ya karye ki soke shi ki rubuta daidai. Farkon yi zai zo miki da nauyi, kina iya jin hannunki na ƙaiƙayin komawa layin farko, kuma minti shidan ba za su ishe ki ba sai kin yi sau huɗu ko biyar. Washegari, kafin ki sake buɗe maƙalar, ki ɗauki takardar tambayoyin kaɗai ki gwada amsa su da ka. In akwai wadda ta gagare ki, lambar shafin tana gabanta, wurin kawai za ki koma. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatun.